Kafin Madaki da Hannun Babban Gwani

Motar da ta kwashi fasinja daga Indabo da Wudil ta nufi Bauchi takan bi ta Birnin Kudu da Ningi, ta ratsa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, kafin ta shiga garin Bauchi. Ba kowane matafiyi ne ya san cewa a wannan ɗan gari akwai ɗaya daga cikin gine-ginen ƙasa mafi daraja a Arewa ba. Gidan Madakin Bauchi ke nan, wanda ake cewa an gina shi wajejen 1860, aka kuma sa shi cikin kayan tarihin Najeriya tun shekarun 1950. Ana danganta aikin ga Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

A wasu ƙasashe irin wannan gari kan ci abinci da tarihinsa. Noto a tsibirin Sisili, da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1693, da Ouro Preto a Brazil, da arzikin zinariya ya tayar a ƙarni na 18, duka ƙananan garuruwa ne da baƙi ke tururuwa don kallon majami'u da gidajensu masu adon da ake kira barok. Mai sassaƙan dutse ya gama aikinsa ya mutu, dutsen ya ci gaba da tsayuwa. Ginin Bahaushe kuwa ba ya yarda a gama da shi. Kowace damina sai ta ci rabonta, kowane rani sai an biya. Shi ya sa nake ganin gadon da Babban Gwani ya bari yana hannun magina ne, kuma duk hukumar da ta killace bango ta bar sana'ar ta mutu, ta adana abin da ba zai daɗe ba.

A duba yadda ake rufa babban soro. Azara gangar giginya ce da aka faskara, gara ba ta cin ta, amma in tazara ta haura kamu huɗu ko makamancin haka, sai ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Dabarar magini ita ce ya fito da azarori daga cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari ta sha iska kafin a ɗora na gaba, har ƙafar da ta taso daga gabas ta haɗu da ta yamma a sama. Bakan gizo ke nan. In bakuna suka gitta juna suka tallafi rufi mai tulluwa, an samu ɗaurin guga, wani lokaci a kafa tasa a mahaɗar. Zanen da ke cikin sorayen Kafin Madaki da ginshiƙan masallacin Zariya a jikin waɗannan bakuna da bangayen da suke ɗauke da su aka fitar da shi, da yatsu, tun ƙasa tana ɗanya. Wanda bai iya ɗaurin ba, ba shi da inda zai yi adon. Hatta kayan shafen waje a hannun wasu masu sana'a suke: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso kuwa daga katsin marina da gashin da majema suka kankare daga fata, a gauraya da dafara. Ranar da karofi ya rufe, magini ma ya yi asara.

Za a ce wannan duk son tsohon abu ne, ginin ƙasa wahala ce, mai bulo da kwano yana barci da damina. Akwai gaskiya a ciki, har da wadda ba a cika faɗa ba: manyan gidajen ƙarni na 19 sun tsaya ne domin sarakuna na da bayi da talakawan da za su kwaɓa ƙasa kowace shekara, kuma ba mai hankalin da zai so a koma wannan. Amma kuskure ne a ɗauka cewa zamani da sana'ar ba sa shiga inuwa ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka biyo baya, kuma a shekarun da suka biyo ne ado ya fito daga cikin sorayen sarakuna ya mamaye fuskar zaurukan attajirai a Kano da Zariya. Magina suka riƙa zana dagi da takobi, suka ƙara da keke da mota da jirgin sama, har da siminti suka yi aikin, suna karta shi kafin ya bushe. Ashe abin da muke kira adon kaka da kakanni, kaso mai yawa na zamanin gyaɗa ne. Sana'ar ta karɓi sabon kaya ta juya shi yadda take so. Abin da ya karya ta shi ne masu kuɗi sun daina kiran magini, domin gidan ƙasa ya koma alamar rashi.

Masallacin Zariya ya nuna inda hakan ke kaiwa. A shekarun 1970 aka rufe abin da ya rage na aikin Babban Gwani a cikin sabon gini na kankare. Mai son ganin siffarsa ta asali a tsaye sai ya tafi Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi tun kafin a taɓa shi. Kwafin ma na ƙasa ne, shi ma yaɓe yake jira kamar gidan Madaki.