Raba uwar garke gida-gida

Raba uwar garke gida-gida dabara ce ta sa babbar kwamfuta ɗaya, wato uwar garke, ta yi aikin kwamfutoci da yawa, kowace da nata tsarin gudanarwa, kamar gidan haya mai ɗakuna: rufi ɗaya, amma kowa da makullinsa. Manhajar da ke tsakani, wadda ake kira haifabaiza, ita ke yanka wa kowane ɗaki rabonsa na ma'ajiya da ƙarfin sarrafawa.

Kamfanin IBM ne ya fara gwada wannan dabara a shekarun 1960. Kamfanin VMware, da aka kafa a 1998, ya kawo ta kan kwamfutoci na yau da kullum, sannan haifabaizar KVM ta shiga tsarin gudanarwa na Linux a 2007. Akwai kuma salon kwantena, wanda kamfanin Docker ya yaɗa daga 2013, inda manhajoji ke tarayya a tsarin gudanarwa guda.

A ƙasar da lantarki ke da tsada, ribar a fili take: injuna kaɗan, na'urar sanyaya ɗaki kaɗan, man janareta kaɗan. Da irin wannan dabara cibiyoyin adana bayanai ke tattara ayyukan ma'aikatu wuri ɗaya. A Najeriya, kamfanin Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yana da cibiyoyi a Abuja da Kano. Sai dai in uwar garken ta tsaya, duk 'yan hayar sun tsaya, shi ya sa ake ajiye ta biyu a shirye.