Tabarau na VR: shekara kusan 60 ana fama da ciwon wuya da tashin zuciya

Duk mai riƙe da babbar salula ya ci karo da bideyon nan: mutum ya ɗaura wani abu kamar akwati a fuska, yana kai wa iska naushi, daga baya ya faɗi ana dariya. Shi ne tabarau na VR, wanda da Faransanci ake cewa casque. In ka sa shi, duk inda ka juya kai hoto ya bi ka, sai ka ji kamar kana tsakiyar wasan. Tunda samarinmu masu gidan kallo da masu shagon PlayStation ba sa barin sabon abu ya wuce su, gara mu san tarihinsa kafin wani ya saida tumakinsa ya sayo.

Abin ya daɗe. A 1838 wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa in aka ba kowane ido hotonsa daban, masu ɗan bambanci kaɗan, ƙwaƙwalwa na haɗe su ta ga zurfi. Har gobe a kan wannan dabara ake tafiya. A 1962 Morton Heilig a Amurka ya yi rajistar wata na'ura mai suna Sensorama. Mutum ya zauna ya cusa kansa ciki, ya ga kamar yana bisa babur a titunan birni, kujera na girgiza, iska na kaɗa shi, har da ƙamshi. Bai samu masu zuba kuɗi ba, abin ya tsaya nan. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau mai aiki da kwamfuta, sai dai a maƙale yake da wani dogon ƙarfe da ke saukowa daga rufin ɗaki yana bin motsin kai.

Babban darasi ya zo a 1995, lokacin da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Virtual Boy. Ja da baƙi kaɗai yake nunawa, kuma a bisa tebur ake girke shi, mutum ya duƙa ya leƙa. Jama'a suka yi ta kukan ciwon kai, ciwon ido da ciwon wuya, duk da cewa tun farko an sa masa tsarin da ke dakatar da wasa don a huta. Bai yi shekara guda cikakkiya a kasuwa ba, kuma abin da aka saida bai kai 800,000 ba. Daga nan manyan kamfanoni suka ja baya na tsawon shekaru.

To me ke kawo tashin zuciyar? Duk wanda ya taɓa shiga bayan mota ran kasuwa a hanyar burji, ya sunkuyar da kai yana latsa salula, ya san abin. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. A mota kunne ya ce ana tafiya, ido ya ce a tsaye ake. A cikin tabarau kuwa ido ne ke cewa ana gudu, kunne ya ce zaune kake. In shaidun nan biyu suka saɓa, sai jiri, zufa mai sanyi, wani har amai. Sojojin Amurka sun ga haka tun shekarun 1950 a na'urorin koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Ga kuma wahalar ido: allon na nan dab da fuska, nisansa ba ya canzawa, amma hoton na nuna abu wani sa'in kusa, wani sa'in can nesa. Ido ya yi ta kokawa har ya gaji.

A 2012 wani matashi, Palmer Luckey, ya tara dalar Amurka miliyan 2.4 ta intanet don ƙera Oculus Rift. A 2014 Facebook ya saye kamfanin kan kusan dala biliyan 2. A 2016 Rift, HTC Vive da PlayStation VR suka shiga kasuwa. Rift da Vive na sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa guda, don in hoto ya makara wajen bin kai ko da ƙiftawar ido ne, ciki ya fara juyawa. An samu sauƙi ƙwarai, amma nauyi na nan. Quest 2 na 2020 ya ɗan haura rabin kilo. Apple Vision Pro na 2024 ya kai giram 600 zuwa 650, kuɗinsa a lokacin dala 3,499, wato sama da miliyan 2 na sefa a canjin wancan lokaci, batirinsa kuma awa biyu ne ko sama kaɗan. Ka ɗaura rabin kilo na sukari a goshi na awa guda ka ji yadda wuya zai yi.

Wannan fa a ɗakunansu masu sanyi kenan. Mu a jahar Maraɗi, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Soson da ke manne da fuska zai sha zufa, gilashin ya yi hazo, na'urar kanta ta ɗau zafi. Lokacin hunturu ƙura ta shiga ko'ina, kuma in hasken rana ya bugi gilashin kai tsaye yana iya ƙona allon ciki. A ƙauyen da caji sai an kai shagon mai sola, batirin awa biyu ba ya wuni yana kawo kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne idon yara. A gidan wasa tabarau guda ne zai bi fuska ashirin ko talatin a wuni. Ciwon idon da muke kira apolo, wanda aka fara gani a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ta hannu da kayan da aka taɓa yake yaɗuwa. Soson da ya sha hawayen mai apolo ya isa ya raba wa unguwa. Su kansu masu ƙerawa sun sa iyaka: Sony ya ce PlayStation VR ba na yaron da bai kai shekara 12 ba ne.

Don haka ɗan'uwa mai niyyar sayowa, ka gwada shi a kanka tukuna, da rana tsaka, na minti talatin. Ka tanadi abin gogewa bayan kowane mutum, ka hana mai jan ido sawa, ka taƙaita lokaci, ka share fili kada wani ya faɗa kan benci. Wanda ya ce kansa na juyawa a cire masa nan take, kuma kada ya hau babur sai ya dawo daidai. Iyaye kuma a riƙa tambayar inda yara ke kai 'yan kuɗinsu.

Allah ya kare mana lafiyar idanunmu da ta 'ya'yanmu. Amin.