Tsofaffinmu Jiya da Yau a Ƙasar Haɗejiya

A zamanin da, dattijo a ƙasar Haɗejiya bai san kaɗaici ba: gandu na ciyar da shi, jikoki na ɗebe masa kewa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan fadama ya ja baya, kamun kifi ya ragu, matasa suka kwarara birane, aka bar tsofaffi da zulumi. Abin da muke kira gigin tsufa, sau da yawa ciwo ne da likita ke iya sassautawa, kuma jiharmu na da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. 'Yan'uwa mazauna birni, aiken kuɗi bai isa ba. Ku zo ku duba iyayenku, ku kai su ga likita, domin zumunta a ƙafa take.