Daga Ƙwarya Zuwa Hular Kwano: Tarihin da Ya Kamata Masu Babur na Rano da Kibiya Su Sani

Jama'a, wa yake tuna watan Janairun 2009 a Kano? A ranar 1 ga watan ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ƙarƙashin Osita Chidoka, ta fara tilasta wa duk mai hawa babur da wanda ya goya sanya hular kwano. Kafin a ce kwabo kuɗin hular ya yi tashin gwauron zabi. Sai 'yan acaba suka ɓullo da tasu dabarar: wani ya kifa ƙwarya ya ɗaure da igiya, wani robar fenti, wani tukunya. Har BBC ta ba da labarin, duniya ta yi ta yi mana dariya. Jami'ai sun kama babura, amma bayan 'yan watanni dokar ta bi ruwa.

Shi kansa acaban ba tsohon abu ba ne. Bayan matsin tattalin arzikin SAP na 1986 ne ma'aikata da matasa suka mayar da babur hanyar cin abinci, sannan shigowar Jincheng da Bajaj masu sauƙin kuɗi ta kai shi kowane lungu. A 2005 gwamnatin Shekarau ta hana goyon mata, ta kawo Adaidaita Sahu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a birni da kewaye. Birni ya koma Adaidaita, amma a Rano da Kibiya babur bai je ko'ina ba. Daga Rurum zuwa Rano, daga Saya-Saya ko Tarai zuwa Kibiya, shi ke kai buhun taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti. To a nan ɗin ne kuma za ka yini a bakin titi ba ka ƙirga hular kwano biyar ba.

Idan ka tambayi mai babur, amsarsa ba ta wuce waɗannan: zafi, nauyi, gumi, ba ya jin ƙarar motar da ke bayansa, ba ya jin mai kiransa. A 2009 fasinjoji sun ƙara da tsoron ƙwarƙwata da makero, har da raɗe-raɗin cewa ana sa asiri a ciki. Ga kuma malam da hularsa ta zanna ko rawani, ina zai kai su? Gaskiya koken zafin nan ba ƙarya ba ne. A Maris da Afrilu zafinmu kan haura digiri 40.

Sai dai ba mu kaɗai muka yi wannan gardamar ba. A 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi da babur ba hula a kansa, ya mutu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, wanda ya duƙufa kan binciken raunin kai a tsakanin sojoji masu babur. A 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular, amma farar hula sai 1973 dokar ta hau kansu, shekara 32 ana ja-in-ja. A 1976 suka yafe wa mabiya addinin Sikh saboda rawaninsu. Ka ga ke nan zancen rawani ba a kanmu aka fara ba.

Wadda ta fi kama da mu ita ce Biyetnam, ƙasa mai zafi da ɗimbin babura. Mutanenta ma sun ƙi hular, har suna kiranta tukunyar dafa shinkafa. Kafin dokar Disambar 2007 sai da aka samar da hula marar nauyi mai ramukan shan iska, aka yi ta wayar da kai, sannan aka saka tara. Dare ɗaya titunansu suka cika da huluna. A Kigali ta Ruwanda kuwa, ɗan acaba na yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja. Bambancinsu da mu a 2009 shi ne su sun gyara hular kafin su ɗaga sanda, mu sanda muka fara ɗagawa.

Me hular take yi? Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin bugu, sannan soson nan mai tauri na ciki ya lotse ya shanye shi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ƙwarya ba ta da wannan, haka ma hular leburori ta wurin gini. Binciken likitoci ya nuna hula mai inganci, in an ɗaure igiyarta a haɓa, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Karaya a ƙafa akwai mai ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala. Wanda kansa ya bugu a hanyar Kibiya kuwa, sai an ɗauko shi an bi ta Bunkure har birni kafin a samu likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba kowa ke kaiwa da rai ba.

Masu cewa "kwana in ya ƙare hula ba ta hanawa", haka ne, amma addininmu ya koyar da mu riƙo da sababi tare da tawakkali.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin masu babur, da ƙananan hukumomin Rano, Kibiya da Bunkure, da masarautar Rano: a nemo hula mai buɗaɗɗiyar fuska da ramukan iska, a sayar da ita biyan kaɗan-kaɗan yadda ake biyan babur. 'Yan siyasar da ke rabon babura, don Allah a haɗa da hula biyu. Fasinja mai ƙyanƙyami ya sa hankici ko hularsa ta saƙa daga ciki.

Masu babur da ke cikinmu, wace irin hula ce za ku iya yini da ita a ka? Mu ji daga gare ku. Allah Ya tsare mu, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.