Kada da Sauyin Halittarsa: Shaida daga Hamadar Nijar

Akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida a tsakanin masu karatu, har da wasu marubutan kimiyya, cewa kada halitta ce da ta tsaya cik tun zamanin manyan dabbobin da ake kira dainaso. Wannan ra'ayi ba shi da tushe mai ƙarfi, domin ƙirar jikin kada mai rai da ƙasusuwan da aka tono daga ƙasa duk suna nuna cewa zuriyarsa ta sha sauye-sauye, kuma kadojin yau ragowa ce ƙarama ta wani babban dangi da ya taɓa bazuwa a tudu da ruwa.

A fannin nazarin sauyin halitta, wato yadda jinsunan dabbobi ke canzawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya, masana sun sanya kada cikin rukunin Archosauria, wanda ya haɗa shi da dainaso da tsuntsaye, ta yadda dangantakarsa da tsuntsu ta fi wadda ke tsakaninsa da ƙadangare ko damo kusanci. Reshen kada da na tsuntsaye sun rabu kimanin shekaru miliyan 250 da suka shige, amma alamun zumuncin suna nan: zuciyar kada ɗakuna huɗu gare ta, iska tana bin hanya guda a cikin huhunsa kamar yadda take yi a huhun tsuntsu, sannan uwa tana gadin ƙwayayenta, idan ta ji kukan 'ya'yan daga cikin ƙwai sai ta tone ramin ta kwashe su a bakinta zuwa ruwa. A shekarar 2004 Roger Seymour da abokan aikinsa sun kafa hujja da ƙirar wannan zuciya cewa kakannin kada dabbobi ne masu ɗumin jini da kuzari a tudu, kuma zaman laɓe a cikin ruwa daga baya ya samu.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Jamhuriyar Nijar. A Gadufawa da ke hamadar Tenere, inda koguna suka gudana kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, aka samo ƙasusuwan Sarcosuchus imperator, wanda France de Broin da Philippe Taquet suka yi bayaninsa a 1966, kafin ayarin Paul Sereno ya tono ƙarin ƙasusuwansa a 1997 da 2000. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, tsawon jikinsa kuwa an kiyasta shi daga mita 9 zuwa 12, kuma shi ɗan uwa ne ga kadojin yau, ba kakansu ba. A 2009 Sereno da Hans Larsson sun bayyana wasu 'yan uwan daga hamadar Sahara, waɗanda kamanninsu suka sha bamban: Kaprosuchus mai dogayen haƙora irin hauren gadu, da Laganosuchus mai shimfiɗaɗɗen kai, da Anatosuchus mai faffaɗan baki wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, da Araripesuchus mai dogayen ƙafafu da ke neman abinci a tudu. Dangin da ya fitar da waɗannan siffofi mabambanta ba za a ce ya tsaya wuri guda ba.

Ko a tsakanin kadoji masu rai, bambancin ya wuce yadda aka zata. A 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta sun gwada ƙwayoyin gado na kadoji, har da na gawawwakin da mutanen Masar ta dā suka adana, suka tabbatar da cewa kadan Afirka ta Yamma, Crocodylus suchus, jinsi ne daban da kadan kogin Nil. Shi ne wanda tsiraru daga cikinsa suka rage a tafkunan duwatsun Muritaniya da na Ennedi a Chadi tun bayan bushewar Sahara. Tunda jinsi ne mai zaman kansa, yawan kadojin gabashin Afirka ba zai cike gurbinsa ba idan farauta da ƙafewar ruwa suka ƙarar da shi. Saboda haka ya wajaba ga jami'o'i da hukumomin muhalli na Nijar da Najeriya su ƙidaya kadojin da suka rage a koguna da tafkuna, su kuma tsare wuraren tonon ƙasusuwa irin Gadufawa daga masu wawaso.