Fataucin kakanninmu a kan ruwan Kwara da Volta

Duk shekara idan muka taru bikin cikar ƙungiyarmu a nan Adabraka, hirarmu ta tirela ce da kwastan da bodar Aflao da Paga. Bana muna so mu tuna da kwalekwale, domin kafin mota ta zo, shi ya ɗauki rabin wahalar kasuwancin da muka gada.

Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Babu yadda zai kai Salaga bai haye Kwara ba, ko ta wajen Yawuri ko ta Illo. A bakin ruwa ikon madugu ya ƙare. Masu fito ke faɗin kuɗi, su ke faɗin kaya nawa jirgi zai ɗauka, kuma ba a musu da su. A wannan kogin ne, a duwatsun Busa inda ruwa ke gudu da ƙarfi, Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806.

A nan ƙasar Gana kuwa, kogin Volta ne hanya. Bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, ciniki ya ƙaru ta kogi. Gishirin Ada, wanda ake kwasa a Songor, a kwalekwale yake hawa har Kete-Krachi. Tafiyar makonni ce, ana tuƙi da filafili, inda ba zurfi a tura da gora. Idan aka iso wurin duwatsu irin na Senchi da na Krachi, sai a rage kaya, a bi da su ta gaɓa, a ja jirgin da igiya, sannan a sake lodi. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai da dama sun koma Kete-Krachi. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi limanci a can har rasuwarsa a 1934.

Wancan kogin ya sauya. An gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafki ya cinye tsohon garin Kete-Krachi, aka tashi mutum kusan 80,000 daga gidajensu. Busa ma haka ta nutse da aka yi madatsar Kainji a 1968. Duwatsun da ake tsoro sun shige ƙarƙashin ruwa, amma itatuwan da tafkin Volta ya rufe suna nan a tsaye. Kututturensu na fasa jirgi mai inji, musamman idan ruwa ya ja baya.

Har gobe akwai 'yan'uwanmu daga Nima da Maamobi da ke sarin doya da busasshen kifi da dabbobi ta Yeji da Makango da Dambai. Wanda pantun ya wuce shi yakan faɗa ƙaramin jirgi don kada kasuwa ta tashi. Mun sha zaman makoki a zangonninmu saboda jirgin da aka cika har baki, ga iskar yamma, ga babu rigar ceto.

Kakanninmu ba su fi mu son rai ba, ba su kuma fi mu ƙin asara ba. Sun dai yarda su sauke kaya su yi asarar yini guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Roƙonmu ga kowane ɗan ƙungiya shi ne ya duba lodi kafin ya shiga, ya nemi rigar ceto, kada ya haye da duhu, kuma idan matuƙi ya ce jirgi ya cika, a jira na gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a nemanmu.