Mene ne addini? Muhawarar masana da yadda take shafar haƙƙin jama'a

Addini kalma ce da kowa ke amfani da ita ba tare da ya tsaya neman fassara ba. Amma masanan da ke nazarin al'ummomi sun shafe kimanin shekaru 150 suna jayayya kan ma'anarta, kuma har yau ba su tsaya a magana guda ba. Jayayyar ta wuce ɗakin karatu, domin ma'anar da hukuma ta ɗauka ita ke nuna wanda doka za ta kare wa wurin ibada, da sunan da za a rubuta wa mutum a ƙidayar jama'a ko a katin shaida. Addinin Hindu da hanyoyin bauta na ƴan asalin ƙasa su ne suka fi ba masana wahala.

Asalin kalmar

Hausa ta aro kalmar addini daga Larabci. A Larabcin kuwa ma'anarta na da faɗi, don ta haɗa da biyayya da hukunci da sakamako da tsarin rayuwa baki ɗaya. Kalmar da Faransanci da Ingilishi ke amfani da ita ta fito ne daga religio ta Latin, wadda Rumawan da ke nufi da kiyaye hidimomin da aka wajabta wa mutum ga abubuwan bauta. Su kansu sun saɓa kan tushenta: Cicero ya danganta ta da maimaita abu cikin kula, Lactantius kuma ya ce daga ɗaurewa take.

Bayan yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Katolika da Furotesta a ƙarni na 16 da na 17, Turawa suka fara ɗaukar addini a matsayin aƙidar da ke zuciyar mutum, wadda ake iya raba ta da mulki da kasuwa da shari'a. Da wannan mudu suka auna al'ummomin da suka tarar a lokacin mulkin mallaka.

Manyan ma'anonin da aka bayar

A 1871 Baturen Ingila Edward Tylor ya ce mafi ƙarancin abin da za a kira addini shi ne yarda da samuwar ruhohi. Ya kuma jera al'ummomi hawa-hawa, ya sa masu bautar iskoki a ƙasa, masu bautar Ubangiji ɗaya a sama. Masana sun daɗe da watsar da wannan jeri.

Bafaranshe Émile Durkheim ya ƙi wannan ma'ana a littafinsa na 1912. Hujjarsa ita ce akwai tafarkin Buddha, wanda ba ya dogara da wani mahalicci, amma ba mai musun cewa addini ne. A ganinsa, addini shi ne aƙidu da ayyukan da ke raba abu mai tsarki da abin yau da kullum, suna kuma haɗa mabiya su zama jama'a guda. Ya gina nazarinsa kan rahotannin da wasu suka rubuto game da ƴan asalin Ostareliya, shi kansa bai taɓa zuwa can ba. Masu suka sun ce ma'anarsa ta yi faɗi, har tutar ƙasa da taken ƙasa na iya shiga ciki.

A 1966 Ba'amurke Clifford Geertz, wanda ya yi bincike a Java da Maroko, ya bayyana addini a matsayin tsarin alamomi da ke ba mutane fahimtar yadda duniya take, ya kuma cusa musu yanayin zuciya mai ɗorewa. Ninian Smart kuwa ya guji jimla guda, ya lissafa fuskoki bakwai da ake dubawa, waɗanda suka haɗa da ibada da labaru da koyarwa da ɗabi'a da tsarin jama'a.

Masu shakkar kalmar kanta

Wilfred Cantwell Smith, ɗan Kanada masanin Musulunci da ya koyar a Lahore, ya ba da shawara a 1962 cewa a daina amfani da kalmar a fagen bincike, a riƙa maganar imanin mutum a gefe guda, da gadon da al'umma ta tara a ɗaya gefen. Talal Asad, wanda aka haifa a Madina, ya soki Geertz a littafinsa na 1993. Ya ce ba za a sami ma'anar da ta dace da kowace al'umma ba, domin ita kanta ɗabi'ar ware addini daga iko da horo tarihin Kiristancin Turai ne ya haife ta. Tomoko Masuzawa ta nuna a 2005 yadda jerin da ake kira manyan addinan duniya ya samu a ƙarni na 19 da farkon na 20.

Wasu masanan ba su yarda a jefar da kalmar ba. Sun ce ko da a Turai aka sassaƙa ma'anarta ta zamani, abin da take nunawa ya girme ta. Suna kafa hujja da malaman Musulunci irin su al-Biruni, da ya rubuta littafi kan aƙidun mutanen Indiya wajen 1030, da al-Shahrastani da ya rasu a 1153, wanda ya tsara addinai da mazhabobi rukuni-rukuni tun kafin mulkin mallaka.

Batun Hindu

Sunan Hindu ya samo asali ne daga kogin Sindhu, wanda Farisawa ke furtawa da Hindu, kuma da farko mazauna yankin ake nufi. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 aka fara amfani da shi a Ingilishi a matsayin sunan addini guda. Ƙidayar jama'ar da Ingila ta fara a Indiya a 1871 da 1872 ta tilasta a saka kowa cikin rukuni, abin da ya ƙara kafa sunan.

Wahalar ita ce tafarkin ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da shugaba guda, kuma mabiyansa ba su taru a kan aƙida ɗaya ba. Wasu na bautar Vishnu, wasu Shiva, wasu abar bauta mace, wasu na ganin duk waɗannan fuskoki ne na haƙiƙa ɗaya. Kalmar da suka fi amfani da ita, dharma, ta ƙunshi wajibin mutum ga iyali da al'umma da tsarin duniya. Saboda haka wasu masana ke cewa Turawa da manyan malaman Brahman ne suka haɗa addinin wuri guda. David Lorenzen ya musanta haka a 1999, inda ya kawo waƙoƙin ƙarni na 15 da na 16 da ke nuna mutane na bambanta Hindu da Musulmi ta fuskar bauta tun kafin zuwan Ingila.

Kotuna ma sun shiga ciki. A 1966 mabiya ɗarikar Swaminarayan sun ce su ba Hindu ba ne, don haka dokar da ta buɗe wuraren bauta ga ƙasƙantattun da ake kira Dalit ba ta hau kansu ba. Kotun ƙolin Indiya ta ƙi, ta kuma bayyana Hindu a matsayin hanyar rayuwa mai faɗi. Dokar aure ta Hindu ta 1955 ta hau kan mabiya Sikh da Jain da Buddha, da duk wanda ba Musulmi ba, ba Kirista ba, ba Bayahude ba, ba kuma Farsi ba. Ƙidayar 2011 ta nuna kashi 79.8 cikin 100 na ƴan Indiya Hindu ne, amma wasu ƙabilun asali na cewa an haɗa su da tafarkin da ba nasu ba. A Nuwamban 2020 majalisar jihar Jharkhand ta nemi a ba mabiya Sarna, masu bauta a kurmi mai tsarki, gurbinsu daban a ƙidaya.

Ƴan asalin ƙasa

Harsuna da yawa na ƴan asalin Amurka da Ostareliya ba su da kalmar da ta ware bauta daga farauta da noma da magani da sarauta. Wannan ya sa hukumomi suka daɗe suna kiran ayyukansu al'adun jahilci. Amurka ta haramta Rawar Rana da wasu bukukuwa a 1883. Kanada ta haramta bikin rabon kyauta na potlatch daga 1885 har zuwa 1951. Tisa Wenger ta nuna yadda mutanen Pueblo suka fara kiran raye-rayensu addini a shekarun 1920, domin su sami kariyar tsarin mulki.

Samun sunan bai kawo ƙarshen matsalar ba. Marubuci Vine Deloria, ɗan ƙabilar Sioux, ya bayyana a 1973 cewa bautar mutanensa na manne da wuri, wato dutse ko kogi ko fili, ba a iya ɗauke ta a kai wani gari. A shari'ar Lyng ta 1988, kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa gwamnati na iya shimfiɗa hanya a tsaunukan da Yurok da Karuk da Tolowa ke tsarkakewa a Kalifoniya, tunda ba a tilasta wa kowa barin aƙidarsa ba. Majalisar dokoki ce ta hana aikin daga baya. A 2017 kotun ƙolin Kanada ta yanke irin wannan hukunci a ƙarar Ktunaxa, ta ce doka na kare ƴancin yin imani, amma ba ta kare abin da aka yi imani da shi.

A Indonisiya, inda hukuma ta amince da addinai shida, an saka tafarkin Kaharingan na mutanen Dayak ƙarƙashin Hindu a 1980. Sai a 2017 kotun tsarin mulki ta ba mabiya tafarkin gargajiya damar a rubuta musu shi a katin shaida.

Afirka da ƙasar Hausa

David Chidester ya nuna a 1996 cewa Turawan da suka shiga kudancin Afirka sun riƙa cewa mutanen yankin ba su da addini a lokacin da ake rikicin ƙasa da su, sai bayan an mallake su aka ce suna da shi. Malamin Kenya John Mbiti ya rubuta a 1969 cewa addini ya ratsa dukkan rayuwar Ba'afirke. Okot p'Bitek na Uganda ya soki irin wannan rubutu, ya ce ana sa wa abubuwan bautar Afirka rigar Kiristanci domin su burge Turawa.

A ƙasar Hausa tambayar kan zo ne da sigar addini ko al'ada. Joseph Greenberg ya wallafa nazari kan Maguzawan Kano a 1946, Adeline Masquelier kuma kan bori a Dogondutsi a 2001. Masu bori da yawa Musulmi ne, kuma magani suke ɗaukarsa, yayin da malamai da dama ke ganin shirka ce. Masana da yawa na danganta sunan Maguzawa da kalmar Majusu, rukunin da fiƙihu ya yarda a karɓi jiziya daga gare su a bar su da bautarsu.

Gwamnatocin yankin ma sun bambanta wajen zaɓen suna. Jamhuriyar Benin ta amince da Vodun a matsayin addini a 1996, a wancan lokaci ranar 10 ga Janairu ce aka ware domin bikinsa. Burkina Faso kuwa ta ware 15 ga Mayu tun daga 2024, amma ta kira ta ranar al'adu da gargajiya.

Inda aka tsaya

Yawancin masu bincike a yau sun daina neman siffa guda da kowane addini zai mallaka. Sun fi karkata ga kamannin dangi: kamar yadda ƴan gida ɗaya ke kama da juna ba tare da duk sun haɗu a hanci ko murya ba, haka tafarkai ke tarayya a wasu siffofi su rabu a wasu. Kotuna da ofisoshin ƙidaya kuwa dole su ja layi, shi ya sa ƙananan al'ummomi ke sa ido kan wanda ke jan sa. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin ƴan asalin ƙasa ta ambaci al'adun ruhi da na addini tare a sashe na 12, ta kuma haɗa da ƴancin kula da wurare masu tsarki da isa gare su.